Darasin da Na Je Hanawa a Inugu

Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da wata magana da yake yawan maimaita mini tun farkon zuwana Anacha. Ba ya zaɓa mata lokaci. Muna cin tuwo zai faɗe ta, ina wanki yana taɓe-taɓen rediyonsa zai faɗe ta. "Duk ranar da na mutu, kada ki bari in kwana. Kada a kai ni mutuware, kada kuma a ɗora ni a mota a ce za a kai ni Kano. A yi mini wanka, a sallace ni, a rufe ni a nan." Ni kuwa sai in ce masa ya daina kira mana mutuwa da rana tsaka, ya ci abincinsa kafin ya huce.

Na san inda maganar ta samo asali. Gidan da muke haya a bayan kasuwar Ose mu kaɗai ne Hausawa a cikinsa, sauran duk Ibo ne. Su a al'adarsu in mutum ya rasu sai a ajiye shi a mutuware, mako uku, wata biyu, har dangi na nesa su taru a yi masa babban biki. Maigida bai taɓa kushe musu ba. Yana zuwa musu gaisuwa, wani lokaci har da rabin buhun albasa a bayan okada. Amma duk sanda ya dawo daga irin wannan gaisuwar sai ya sake tuna mini da tasa wasiyyar.

Albasa yake sayarwa a Ose, amma a unguwarmu ba da albasa kaɗai aka san shi ba. Mutum biyu ne ke yi wa mamatanmu maza wanka, liman da shi. Ko yana tsakiyar ciniki aka zo aka raɗa masa a kunne, sai ya bar rumfa a hannun maƙwabci ya tafi. Ni abin nan bai taɓa kwanta mini a rai ba. Bokitinsa daban na ware masa, sabulunsa daban, kuma ba na bari ya ɗauki yarana sai ya yi wanka ya sake kaya. Yana kallona yana murmushi. Shekara da shekaru muna haka, ban taɓa tambayarsa a ina ya koyi wannan aiki ba.

Yaranmu uku, namiji ɗaya shi ne na fari, sai mata biyu. Yaron nan a Anacha aka haife shi, kuma Anacha ta riƙe shi da kyau. Yana ɗan shekara goma Ibo da Turancin buroka sun fi zama a bakinsa a kan Hausa. In na kira shi sai in ji "Mama, wetin?" daga waje, in fito da muciya ya ruga. Fatiha yana karantawa, amma da gudu, kamar wanda ake kora. Ganin haka uban ya ce Inugu zai kai shi, makarantar da shi kansa ya yi.

Makarantar ta wani malami ce, shi ya kafa ta da kansa, maza zalla, kwana ake yi, ana haɗa karatun addini da na boko. Lokacin da maigida ya yi ta ɗaki biyu ne na langa-langa a bayan gidan malamin. Lokacin da muka kai yaron ta zama bene mai hawa ɗaya, da masallaci, da fili mai bishiyoyin kashu. Ban so rabuwa da shi ba, amma hutun farko da ya dawo ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Umma, mun same ku lafiya?" sai da na waiwaya in ga ko da wata yake. Daga nan na saki jiki da makarantar.

Lahadin farko na kowane wata ita ce ranar ziyara. Uban ba ya iya barin kasuwa, ni ke zuwa da ƙannensa. Tun Asabar nake dakan yaji, in soya dambun nama, in ƙulla gari da ƙuli-ƙuli. Da yake ɗan fari ne ba na iya sakin fuska da shi a gaban mutane, ko sunansa ba na kamawa. Sai in miƙa wa ƙannensa kayan su ba shi, in zauna gefe da sauran iyaye mata ina tambayar lafiyar 'ya'yan wasu, alhali kunnena yana wurinsa.

A irin wannan zaman ne, shekararsa ta biyar a makarantar, yana ɗan shekara goma sha shida, na ji yana ba ƙannensa labari suna ta ƙyalƙyala dariya. Wai ranar Alhamis Malam ya koya wa 'yan ajinsu wankan gawa. Wai ana neman wanda zai zama gawar, shi ya ɗaga hannu. Aka kwantar da shi a kan tebur, aka nuna yadda ake juya mutum dama da hagu, aka naɗe shi da farin yadi, aka ɗaure ta kai da ta ƙafa. Ana cikin haka ƙurar yadin ta shigar masa hanci ya saki atishawa, rabin aji suka yi waje da gudu.

Su dariya suke yi, ni kuwa duniyar ce ta juya mini. Ɗana namiji tilo, an naɗe shi da likkafani yana da ransa, an ɗaure masa kai da ƙafa. Karar ɗan fari da na yi shekara goma sha shida ina riƙo, a wurin na yar da ita. Na miƙe, mayafina yana jan ƙasa, na nufi ofishin Malam. Wata mata ta riƙo hannuna tana cewa in yi haƙuri, na fizge.

Malam tsoho ne ɗan ƙarami, ƙafarsa ɗaya ba ta da lafiya, shi ya sa a ofishinsa ma a kan tabarma yake zama. Sallamar da na yi ko ni ban ji ta ba. Na hau shi da faɗa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce karatu muka kawo yaro ya yi, ba a gwada masa mutuwa ba. Na ce in likkafani ake son gwadawa ai Malam ma yana da 'ya'ya. Na ce wanda bai san zafin naƙuda ba shi ne zai kwantar da ɗan wata a kan tebur ya ɗaure masa ƙafa. Na faɗi maganganun da ko yau na tuna su sai in rufe fuska.

Bai katse ni ba. Sai da numfashina ya ƙare na tsaya ina haki, sannan ya ce, "Hajiya, barka da zuwa. Yaya hanya? Yaya maigidan da kasuwa?"

Na ce lafiya, a daƙile.

Ya ce, "Kin yi gaskiya a abu ɗaya. Ban tambayi iyaye ba kafin in naɗe musu 'ya'ya. Shekara talatin ina yin haka, uwa ba ta taɓa zuwa ta gaya mini yadda abin yake a zuciyarta ba sai yau. Laifina ne, ki yafe mini. Daga yau kututturen ayaba za mu riƙa naɗewa."

Na yi zaton zai yi gardama, na zo da shirin gardamar. Da ya ba ni haƙuri sai na rasa inda zan sa sauran faɗan. Duk da haka na ce, "To a bar darasin gaba ɗaya mana, Malam. Yara ne."

Ya girgiza kai. Ya ce farkon zuwansa Inugu, yana saurayi, wani mai goro ya rasu a ɗakin haya kusa da tasha. Musulmi sun taru cike da ƙofar gidan, kowa ya iya sallar gawa, amma babu wanda ya taɓa yin wankan. A garuruwansu akwai tsofaffin da ke yi, su ba su taɓa ko leƙawa ba. Aka yi ta aike ana neman mai iyawa, bawan Allah nan bai samu shiga ƙasa ba sai washegari da yamma. "Ina cikin waɗanda suka tsaya a ƙofar, Hajiya, ni ma ban iya ba. Mu nan ba a gida muke ba. Yaron da ya fita daga hannuna zai je Fatakwal, zai je Anacha, zai je inda babu tsoho ko ɗaya. Ba zan sallame shi bai iya wannan ba."

Na ji maganar, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Na ce masa zan gaya wa uban yaron, in ta kama mu cire shi sai mu cire. Ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya kuma sa aka tsinko mini kashu a leda in kai wa yara. Na karɓa don kunya, a mota na ba wata mata.

Da na isa gida ko mayafi ban cire ba na zayyana wa maigida komai. Ina jira ya tashi ya ɗauki hula, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi har da hawaye. Ya ce, "Sau ɗaya aka naɗe shi kike wannan tashin hankali? Ni sau uku aka naɗe ni. Ni ne ƙarami a aji, yadin Malam ba ya isar manya." Sannan ya share ido ya ce, "Ke a zatonki a ina na koya?" Yaro kuma, in ji shi, babu inda za shi sai ya gama. Kwana biyu ban yi masa magana ba sai gaisuwa, tuwonsa ma a buɗe nake ajiye masa.

Bayan wata bakwai Babbar Salla ta gabato. Duk wanda ya zauna a kudu ya san yadda unguwarmu ke zama a wannan lokaci. Mako guda kafin Salla motoci ke ta kwasar mutane zuwa gida, rumfuna a rufe, masallaci sahu biyu da ƙyar. Liman ya tafi aikin hajji a shekarar, na'ibinsa ya tafi Sakkwato. Mu ba mu tafi ba saboda maigida yana jiran motar albasa da ta makara a hanya. Yaron yana gida, an ba su hutun Salla.

Saura kwana biyu Salla, da safe, maigida ya zauna shan koko ya ce kansa na sara masa. Na ce ya sha magani ya kwanta, ya ce bari ya gama. Kofin ne ya fara faɗuwa, sannan shi. Ihuna ya fito da mai gidan da muke haya, dattijon Ibo mai kirki, tsohon direba. Shi da yaron suka ɗauke shi zuwa motarsa, muka tafi wani ƙaramin asibiti a bayan layinmu. Likita ya duba shi, ya ɗago ya kalle ni, tun kafin ya yi magana na gane. Ƙarfe takwas da rabi na safe na zama matar mamaci.

A bakin asibitin mai gidan hayar ya share hawayensa ya ce, "Madam, make we carry am go mortuary, make una people get time come." Mu kai shi mutuware, yake nufi, dangi su samu lokacin zuwa. Har ya ce ya san mai kula da wurin, zai tsaya a kula da shi da kyau. Da zuciya ɗaya ya faɗa, abin da zai yi wa ɗan'uwansa ke nan. Na ce masa a'a, gida za mu. Bai gane dalili ba, amma ya tayar da mota ya mai da mu.

Aka shimfiɗe shi a ɗakinsa aka rufa masa zane. Kafin ƙarfe goma mazan da suka rage a unguwa sun taru a tsakar gida, ba su kai ashirin ba. 'Yan okada ne, da masu dako, da mai shayin bakin masallaci, da wani dattijo mai barkono da idonsa ya yi rauni. Samari huɗu suka ɗauki diga da shebur suka tafi maƙabartar Musulmi. Dattijon ya ce shi zai ja salla. Da aka zo maganar wanka sai kowa ya sunkuyar da kai. Mutum biyu ne suka iya, ɗaya yana Makka, ɗayan shi ne a kwance a ɗaki. Aka buga wa wani a Asaba, wayarsa a kashe. Aka buga wa wani, ya ce yana Zariya tun shekaranjiya.

Ana cikin haka ƙanin maigida ya kira a wayar marigayin. Shi dabbobi yake kaiwa Fatakwal, mahautan kasuwar Mayil Wan duk sun san shi. A ranar yana kan tirelar raguna daga arewa, ko Lakwaja bai iso ba. Yana kuka yana cewa, "Yaya, ku kai shi mutuware. Gobe in na sauke ragunan zan zo, bayan Salla mu kai shi gida. Tsohuwa tana raye, ki tausaya mata, ta ga kabarin ɗanta kusa da ita." Ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba, kuma maganar tsohuwa ta taɓa ni. Mutanen tsakar gida da suka ji, wasu suka fara gyaɗa kai, don ya kawo musu mafita. Shekara goma sha takwas mutumin nan yana roƙona abu ɗaya, ga shi tun kafin azahar yana neman kuɓuce mini.

Yaron yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin uban tun da muka dawo. Sai na ji muryarsa, a hankali. "Ni zan yi masa."

Wani ɗan okada ya ce, "Kai yaro, wannan ba wasa ba ne fa." Dattijo mai barkono ya tambaye shi ko ya taɓa yi. Ya ce bai taɓa yi wa mutum ba, amma an koya musu. Baffansa yana ji ta waya, ya ce haba, yaro ƙarami, a bar shi ya ji da mutuwar ubansa mana. Yaron bai yi musu da kowa ba. Ya karɓi wayata ya nemo lambar Malam, wadda ban sake kira ba tun ranar da na yi masa rashin kunya. Ya buɗe muryar wayar kowa ya ji.

Malam yana ƙauyensu can arewa, shi ma ya tafi Salla. Da ya ji abin da ya faru ya yi salati, ya yi wa maigida addu'a, don shi ma ɗalibinsa ne. Sannan ya ce wa yaron, "Faɗa mini yadda za ka yi, daga farko." Yaron ya fara jerowa. Yadda za a rufe tsiraici, yadda za a naɗe hannu da tsumma, alwala, ɓangaren dama kafin hagu, wanka uku, na ƙarshe da kafur. Bai tsallake komai ba. A wuri ɗaya Malam ya tsayar da shi ya ce ya maimaita, ya maimaita. Sai Malam ya ce, "Ya iya. Jama'a, ku ba shi mutum biyu masu ƙarfi su riƙa juya masa. Kai kuma ka yi a hankali, ka sassauta hannunka. Kukan ka ajiye shi sai ka gama."

Na karɓi ɗaya wayar na ce wa ƙanin maigida, "Ka yi haƙuri, ka ba tsohuwa haƙuri, ni ma zan kira ta da bakina. Yayanka ya bar wasiyya, kai ma ka sha ji. Yau zai kwana a makwancinsa." Ya ce Allah ya jiƙansa, a yi abin da ya ce.

Yaron ya zo ya durƙusa a gabana ya faɗi abin da yake bukata. Bokiti uku, buta, sabulu, kafur, auduga, tsumma mai tsabta, turare. Ya tambaye ni ko akwai farin yadi ko a nemo a kasuwa. Na ce akwai. A ƙasan akwatin uban yake, a ninke cikin leda, ya fi shekara goma a wurin, duk sanda na zo gyaran akwatin sai in kau da kai. Na ɗauko na ba shi. Bokitin da na ware wa uban duk shekarun nan shi na fara cikawa da ruwa, ni da kaina na kai bakin ƙofa.

Mai shayi da ɗan okadan da ya ce ba wasa ba ne su suka shiga tare da shi, aka rufe ƙofa. Mata suka ce in koma ɗakina, na ƙi. Na zauna a ƙasa na jingina da bangon ɗakin, ƙannensa biyu a jikina. Ina jin zubar ruwa. Ina jin muryar ɗana ƙasa-ƙasa yana cewa, "Ku ɗaga shi kaɗan. A hankali. Yanzu hagu." Manyan maza masu gemu suna amsa masa da to. Sau ɗaya ruwan ya tsaya, aka daɗe ba motsi, har na yunƙura zan tashi, sai na ji ya ci gaba. Can ƙamshin kafur ya fito ta ƙarƙashin ƙofa.

A zaune a wurin nan kunya ta rufe ni, godiya kuma ta cika mini ciki har na rasa wadda ta fi yawa. Na tuna tsohon nan a kan tabarmarsa ina zazzaga masa rashin mutunci, yana tambayata yaya hanya. Da ya biye mini ya bar darasin, da yanzu mijina yana bayan mota ana neman masa wuri a mutuware. Na ɗaga hannu na roƙa wa Malam Aljanna, shi da iyayensa da duk wanda ya taɓa koya masa harafi. Tun daga ranar ban yi salla na tashi ban sa shi a addu'a ba.

Da suka gama yaron ya leƙo ya ce, "Umma, ki shigo ku yi sallama." Na shiga da ƙannensa. Yana kwance cikin fararen kaya, an bar fuskar a buɗe. Yaron har gemu ya gyara masa, yadda yake gyarawa ranar Juma'a. Na durƙusa na ce na yafe masa, shi ma ya yafe mini, na ce ga shi na cika masa abin da ya ce. Yaron ya rufe fuskar ya ɗaure da hannunsa, bai bar wa kowa ba.

Bayan azahar aka sallace shi a ƙofar masallaci. Mai gidan hayarmu ya nemo akori-kurar wani abokinsa aka sa makara, shi kuma ya bi su a baya da motarsa cike da mutane har maƙabarta, ya tsaya daga bakin shinge har aka gama. Kafin la'asar an rufe shi. Matan gidan, waɗanda ba su taɓa ganin an binne mutum a ranar da ya mutu ba, suka yi ta kawo kujeru da ruwan sha, suna tambayata ko haka muke yi kullum.

Da yamma na nemi yaron a cikin masu karɓar gaisuwa ban gan shi ba. A bayan gida na same shi, kusa da famfo, zaune a kan bulo, jar ƙasar maƙabarta har gwiwar wandonsa. Tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Na kai masa kunu na ajiye, bai taɓa ba. Na juya zan tafi sai ya ce, "Umma."

Na tsaya.

Ya ce, "Kafaɗun Baba, duka biyun, fatar ta yi baƙi ta yi tauri kamar tafin ƙafa. Har da wani tabo a bayan wuyansa. Ban taɓa gani ba. Mene ne?"

Ashe abin da ya tsayar da ruwan ke nan. Uban bai taɓa zama ba riga a gaban yaransa ba, ko da zafi ya kai zafi. Na zauna a kan ɗaya bulon na gaya masa. Na ce da uban ya bar makaranta ba rumfa ya tarar ba, dako ya yi. Shekara tara yana sauke buhunan albasa daga mota zuwa cikin Ose, a kafaɗa, tun kafin a aure ni har bayan an haife shi. Tabon wuyan kuma igiyar buhu ce ta yanke shi, ni na riƙa gasa masa da ruwan zafi, yaron yana goye a bayana. Na ce bai so ku sani ba, ya ce ku dai ku yi karatu.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Na sassauta hannu a wurin, Umma. Na ga kamar zai ji zafi."

Ya kifa kansa a kan gwiwata ya fashe da kuka, irin kukan da rabona da in ji daga gare shi tun yana ɗan ƙarami. Ana kirana daga cikin gida, wai ga wasu mata sun zo gaisuwa daga Asaba. Na ce a ce musu su zauna, ina zuwa.